Ƙofar gilashin wurin wanka ta yi fari, duk wankin da na yi ya ƙi fita

Maman_Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Wata takwas ke nan da muka tare a wani gidan haya a nan Kaduna, banɗakin ɗakina irin mai ƙofar gilashi ne da ta raba wurin wanka da wurin masai. Ranar da muka shigo garau gilashin yake, har yarinyata ta taɓa buga goshi a jiki don ba ta lura da shi ba. Yanzu kuwa ya yi fari dishi-dishi, da ɗigo-ɗigo kamar an fantsama masa koko ya bushe, musamman daga ƙugu zuwa ƙasa. Na wanke da omo, na wanke da sabulun wanke-wanke, na sayo shuɗin ruwan nan na goge taga na fesa. Idan yana jiƙe sai ki rantse ya fita, da ya bushe sai ya dawo yadda yake. Ruwan burtsatse muke amfani da shi. Abin yana damuna ƙwarai, ga shi gida ba namu ba, ba na so ranar tashi a ce mun lalata wa mutane kaya. Wadda ta san magani ta taimaka.

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam Maman Nusaiba. Ba ƙazanta ba ce, ruwanku ne. Ki nemi farin ruwan khal, wanda ake sa wa salak, ki haɗa rabi da rabi da ruwan ɗumi a kwalbar feshi, ki ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan don ya kama jikin gilashin kada ya zurare. Ki fesa ki bar shi kamar minti 20, ki cuɗa da soso mai laushi, ki ɗauraye, sannan ki tsane da busasshen tsumma. Tsanewar nan kada ki tsallake ta.

Hajiya_Tudunwada:
Ni lemon tsami nake rabawa biyu in dirza. Yanzu ma da yake lokacinsa ne ba shi da tsada. Ga ƙamshi, ba kamar khal ba mai hawa kai.

Zee_Gwarinpa:
Anty ki zuba bekin soda a cikin ruwan khal ɗin, za ki ga ya taso da kumfa fuuu, ki yi maza ki shafa. Shi nake yi, kuma yana fita.

Malamin_Kimiyya:
Salamu alaikum. Maman Nusaiba, kafin magani bari in tambaye ki abu ɗaya: butar da kike dafa ruwan shayi, ki leƙa cikinta. Idan akwai farin ɓawo a gindinta, to abin da ke jikin gilashinki ke nan.

Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam da ya narko daga duwatsu. Ido ba ya ganinsu. Duk ɗigon da ya tsaya a jikin gilashi bayan wanka, ruwan zai bi iska, su kuma su zauna a wurin. Gobe wani ɗigon ya hau kan na jiya. Wata takwas, wanka biyu ko uku a rana, ki lissafa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, sabulun wanka na sanda idan ya haɗu da kalsiyam sai ya rikiɗe ya zama wani farin maiƙo da ba ya narkewa a ruwa. Shi ne dalilin da a wasu garuruwan za ki yi ta cuɗa sabulu ya ƙi kumfa. To abin da ke jikin ƙofarki hawa-hawa ne, ɓawon ruwa da maiƙon sabulu sun haɗu sun daskare. Omo yana iya ɗauke wani abu daga maiƙon, amma ba ya taɓa ɓawon. Shi ɓawon, abu mai tsami ne kaɗai yake narkar da shi, don haka shawarar Ummu Haidar da ta Hajiya suna kan hanya.

Zee, ki yi haƙuri zan gyara miki. Khal asid ne, soda kishiyarsa ce. Idan kika haɗa su a kwano, kumfar da kike gani faɗansu ne, suna kashe juna. Abin da zai rage miki kusan ruwan gishiri ne.

Zee_Gwarinpa:
To Malam ni dai da idona na ga ya fita, ba labari aka ba ni ba.

Malamin_Kimiyya:
Ban ƙaryata ki ba ƙanwata. Garin sodar da bai narke ba shi ya kankare maiƙon sabulun lokacin da kike dirzawa, kuma wataƙila naki bai yi kauri ba. Ki raba su ki gani: khal shi kaɗai ya jiƙa, a ɗauraye, sannan a kwaɓa soda da ruwa kamar man goge baki a bi sauran. Kowanne zai yi aikinsa cikakke.

Maman_Nusaiba:
Malam yanzu na je na duba butar. Wallahi fari fat, har yana ɓantarowa. Ashe shi muke sha?

Malamin_Kimiyya:
Wannan bai zama abin tsoro ba, kalsiyam da magniziyam jiki ma yana buƙatarsu. Kayan gida suke wahalarwa: hita, kan shawa, famfo, gilashi.

Inna_Ta_Fagge:
Ni ban san gilashin wanka ba, amma duk abin da ya gagara a gida kanwa ko toka muke sa masa. Ba za su yi ba?

Malamin_Kimiyya:
Inna, kanwa da toka gwanaye ne a kan maiƙo, shi ya sa suke fitar da tukunya. Amma dangin soda ne, ba sa narkar da ɓawon ruwa. Toka kuma ba a raba ta da yashi, zai iya karce gilashin. Tsamiya ce ta fi kusa da abin da ake nema, ita da kuke wanke kayan tagulla da ita, sai dai tana barin danƙo da launi.

Sadiya_Kn:
Ki sa soson waya kawai ki huta, minti biyar kin gama.

MaiAlminiyam_KD:
A'a Hajiya, don Allah kada ta sa. Sana'ata ke nan, ƙofofin nan da tagogi nake haɗawa. Rabin ƙofofin da ake kirana in canza, soson waya da hodar nan ta dirje tukunya ne suka kashe su. Ranar farko za ki ga kamar ya yi, sai rana ta hasko ta taga ki ga zane-zane kamar an bi shi da allura. Kuma kowane karce gida ne, nan dattin zai riƙa maƙalewa, gobe ya fi yau saurin yin fari. Har koren ɓarin soson wanke-wanke ni ba na yarda da shi. Reza ma da wasu suke kankarewa da ita, in dai ba hannun da ya saba ba, ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashinta ta ja layi daga sama har ƙasa. Wasu ƙofofin masu tsada kuma tun daga kamfani an shafe su da wani abu da ke sa ruwa ya zame, dirza da ƙarfi tana cinye shi.

Sadiya_Kn:
Na gode Malam, ban sani ba. Nawa ma na ga ya daina ƙyalli, ashe ni ce.

Amaryar_Bana:
Ni wata maƙwabciya ta ce in shafa ruwan wanke masai mai kaurin nan, yana cinye farin nan take. Kuma ta ce in an ƙara masa bilic ya fi ƙarfi.

Maman_Twins:
Innalillahi. Amarya don girman Allah kada ki kuskura. Wannan haɗin ya kusa jawo mini abin da ba zan manta ba har in mutu. Yarinyar da ke taya ni aiki ce, shekararta sha shida, mai ƙoƙari, tana so ta burge ni. Ta shiga banɗaki ta ja ƙofa, ta zuba ruwan wanke masai a ƙasa ta bi shi da bilic. Ina kicin na ji tari ba ƙaƙƙautawa. Na same ta durƙushe a bakin ƙofa, idanu jajir suna zubar da ruwa, tana nuna ƙirji ta kasa magana. Ni da na leƙa na daƙiƙa biyu sai da maƙogwarona ya yi kwana biyu yana zafi. Muka fito da ita tsakar gida, muka wuce asibiti, sai da ta kwana. Duk hanya ina tunanin me zan gaya wa uwarta da ta ba ni amana. Laifina ne, ni na jera kwalaben wuri ɗaya ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayani ba. Tun ranar na raba musu wurin ajiya, kuma duk wanda zai wanke banɗaki a gidana ƙofa da taga a buɗe.

Malamin_Kimiyya:
Allah ya ƙara kiyayewa Maman Twins. Iskar kulorin ce ta shaƙa, ita ce sojojin Jamus suka saki a fagen daga a Beljiyam a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kuma 'yan uwa ku lura, ba ruwan wanke masai kaɗai ba: khal da lemon tsami da muke ta magana a kansu su ma ba a haɗa su da bilic. Shuɗin ruwan goge taga shi ma yawanci akwai amoniya a ciki, haɗa shi da bilic yana fitar da wata iskar mai cutarwa. Bilic ruwa kawai ake sirka shi da shi. Ga shi ma ba ya fitar da ɓawon ruwa ko kaɗan, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da baƙin fumfuna ne.

MaiAlminiyam_KD:
Ko shi kaɗai ma, ruwan wanke masai na masai ne. Asid ɗin ciki yana da ƙarfi, yana cin firam ɗin alminiyam, ya dusashe hannun ƙofa da famfo, ya zaizaye farin simintin da ke tsakanin tayil. Haka asid ɗin da masu tayil suke wanke gini da shi in sun gama aiki. Ruwan batir kuwa kada ma a kawo shi kusa da gida.

Amaryar_Bana:
Subhanallah. Na gode da kuka yi magana kafin in gwada.

Hajiya_Asokoro:
Ina so in ja hankali kan khal ɗin ma. Maman Nusaiba ki duba ƙasan wurin wankan da dokin ƙofar, tayil ne ko mabul? Ni nawa mabul ne, na fesa khal a gilashi ya gangaro ya kwanta a ƙasa, na tafi sallah na dawo. Wurin ya dushe, ya yi shatin kududdufin tsaf, santsinsa ya tafi. Sai da aka kira masu injin gurza dutse. Shi mabul ashe asalinsa ɗaya da ɓawon da ake son narkarwa, khal bai san bambanci ba. In mabul ne ki shimfiɗa tsohon tawul da leda a ƙasa, ko ki jiƙa tsumma ki shafa maimakon feshi.

Maman_Nusaiba:
Tayil ne Hajiya, Alhamdulillah. Amma firam ɗin alminiyam ne, khal ɗin ba zai ci shi ba?

MaiAlminiyam_KD:
Khal na kanti ba shi da ƙarfi sosai, asid ɗin ciki kamar kashi 5 cikin 100 ne. In kin ɗauraye da kyau bayan minti 20 zuwa 30 ba komai. Kwana ne ba a so ya yi a jiki. In kayan ƙarfenki masu ruwan gwal ne ko baƙaƙen nan na yayi, ki kauce musu gaba ɗaya, sabulu da ruwa ya ishe su.

Yar_Sakkwato:
Mu nan wagga matsala ta zame muna jiki. Ƙasarmu farar ƙasa ce, ba banza aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina ba. Ruwan rijiyarmu in kin wanke kofin gilashi kin kife, kan ya bushe ya yi zane. Abin da ni ka yi, ina sayen garin sitirik asid wurin masu sai da kayan haɗa sabulun ruwa, fari ne kamar sukari. Cokali biyu babba cikin rabin lita na ruwan ɗumi. Ba shi da wari, kuma ya fi khal arha in kin lissafa. Dabarar da ta fi yi min aiki: in jiƙa tishu ko tsohon ɗankwali a ciki in manna a jikin gilashin, ya zauna nan rabin awa. In kin fesa kawai, da zafinmu kan ki juya ya bushe, kuma in ya bushe ba ya aikin komai. Ki sa safar hannu in kina da yanka ko kaushi, yana da raɗaɗi.

Dan_Maradi:
Gaskiyar Hajiya ta Sakkwato. Mannawa ita ce sirrin. Ni kan shawa ma haka nake masa, in zuba khal a leda in ɗaure a wuyansa ya yi awa ɗaya, ramukan da suka toshe duk su buɗe.

Anty_Landan:
Ina karanta ku ina tuna zuwana Landan. Ruwan famfon nan ma haka yake, ƙasar alli ce, buta sabuwa wata ɗaya ta yi fari. Na sha wahalar wankin ƙofar nan duk Asabar har Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa maƙwabciyata da ta nuna mini abin da take yi. Robar share ruwa ce mai mariƙi, irin wadda yara ke goge gilashin mota da ita a danja. Tana rataye a cikin wurin wankan. Duk wanda ya gama wanka, kafin ya ɗauki tawul, ya ja ta daga sama zuwa ƙasa layi-layi, ya bi gefuna da tsumma. Ba ya kai minti ɗaya. Tunda ruwan da ya bushe a jiki ne yake barin tabon, in babu ruwan me zai bushe? Yanzu shekara huɗu, sau ɗaya a wata nake taɓa khal, shi ma don hankalina ya kwanta ne. Na kuma bar sabulun sanda na koma na ruwa, maiƙon ya ragu sosai.

Ummu_Haidar:
Abin da na ce tun farko ke nan, tsanewa. Anty Landan ta faɗe shi dalla-dalla.

Maman_Twins:
Anty wannan sai gidan da ake jin magana. Ni yara biyar, da safe kowa yana sauri kada motar makaranta ta tafi, wa zai tsaya jan roba? Abbansu ma in ya fito ko'ina ruwa ne.

Abu_Maryam:
Hajiya kada a yi mana kuɗin goro. Ni a gidana ni ne mai jan robar, domin ni ke yin wankan ƙarshe da safe. Ba sai kowa ya yi ba, na ƙarshe ya yi ya wadatar, in dai wankan a jere ake yi gilashin bai bushe a tsakani ba. Da daddare kuma uwargida ta yi. Tun da na ga yadda take durƙuso tana dirzar ƙasan ƙofar nan da ciwon baya na ce wannan ba adalci ba ne.

Maman_Twins:
Allah ya saka da alheri Abu Maryam. Zan nuna wa Abbansu wannan saƙon.

Hajiya_Tudunwada:
Anty Landan, sabulun salo fa? Ni ba zan iya barinsa ba, shi fatata ta sani.

Malamin_Kimiyya:
Hajiya shi ma sabulu ne na asali, da mai da toka ake yinsa, don haka yana yin maiƙon in ya haɗu da irin wannan ruwa. Ba sai kin bar shi ba. Ki watsa wa gilashin ruwa bayan wanka kumfar ta sauka, sannan a share.

Baba_Alhaji_Zariya:
Ni fa tambayata, me ya kai mu ga ƙofar gilashi tun farko? Da bokiti da kwanon wanka muka tashi, siminti ne a ƙasa, a share da tsintsiyar kwakwa a wuce. Wanda ya ga ruwa na fantsama ya sa labulen leda, in ya tsufa a canza. Yanzu magina suna sa wa mutane abin da ruwanmu da ƙurarmu ba su dace da shi ba. Ga kuma batun sutura, mutum yana wanka ana hango shi.

Zee_Gwarinpa:
Baba labulen ma yana da nasa. Gindinsa baƙi yake yi da fumfuna, ya riƙa manne wa mutum a jiki. Gilashin yana hana ruwa zuwa wurin masai, ƙasa ta zauna a bushe, tsofaffi ba sa zamewa. Mahaifiyata saboda haka muka sa mata.

MaiAlminiyam_KD:
Baba akwai mai duhu wanda ba a gani ta ciki. Sai dai ga masu shirin sawa: irin wanda aka yi wa feshin yashi gefe ɗaya ne mai kaushi, ku ce wa mai aikin ya juya santsin ya kalli ruwa. In kaushin ne a ciki, wankinsa sai an gwammace kiɗa da karatu.

Tunda an zo nan bari in ƙara wani abu da ya fi tabo muhimmanci. Gilashin wanka dole ya zama gasasshe, wanda aka gasa a wuta sama da digiri 600 aka huce shi da iska da sauri. Ya fi na taga ƙarfi kamar sau huɗu, kuma in ya fashe dagargajewa yake yi ƙanana kamar tsakuwa, ba ya yin takobi. Mara firam yawanci mai kaurin milimita 8 ko 10 muke sawa. Ku duba kusurwa, galibi akwai ɗan tambari. Wasu don arha suna yanko na taga su sa, wannan ganganci ne da rai. Shi gasasshen kuma lagonsa a baki yake, don haka in kuna wanki kada bokitin ƙarfe ko kan shawa ya bugi gefensa. In ƙofa ta fara saukowa tana gogar tayil, a ɗaure hinjin da wuri. Kuma kada a sheƙa masa tafasasshen ruwa da sunan narkar da datti, ɗumi ya isa.

Baba_Alhaji_Zariya:
To madalla, na ƙaru. Amma ni dai ina nan a kan labulena.

Rukky_Mx:
Ni nawa ba fari ba ne, ja ne kamar an watsa shayi. Tayil ma ya yi, masai ma ya yi. Na sa bilic sai ƙaruwa ya yi. Shi ma khal ɗin ne?

Injiniya_Ruwa:
Hajiya Rukky naki ƙarfe ne a cikin ruwan. Alamarsa, ruwan yana fitowa garau daga burtsatse, in ya kwana a bokiti ya sha iska sai ya yi ja ya kwanta. Bilic yana gaggauta tsatsar ne, shi ya sa kika ga ya ƙaru. Sitirik asid ɗin da 'Yar Sakkwato ta faɗa ya fi khal kama wannan. Ki yi hattara da wasu magungunan cire tsatsa na kanti, akwai masu sinadarin da ke cin gilashi kansa ya kuma ƙona fata, ki karanta jikin kwalba. Maganin asali a tanki yake: ruwan ya zubo ta sama ya sha iska, ya kwanta, ya bi ta matatar yashi kafin ya shiga gida.

Ga masu farin tabo kuwa, kada a yaudare ku da 'yar filtar nan mai farin zare da ake ɗaurawa a bakin tanki. Laka da yashi take tarewa, abin da ya narke a ruwa wucewa yake abinsa. Alif ma haka, ruwa mai dauɗa yake kwantarwa. Na'urar da ke cire kalsiyam daban ce, wata tukunya ce cike da ƙananan ƙwayoyi da ke kama shi su saki sodiyam a madadinsa, ana zuba mata gishiri lokaci-lokaci. Kafin mutum ya kashe kuɗi ya kai ruwansa a auna. In ma'aunin kalsiyam da magniziyam ɗin da ke ciki ya haura miligiram 120 a lita ana lissafa ruwan mai nauyi, in ya haura 180 mai nauyi sosai. Ga ɗan haya kamar Maman Nusaiba ban ga dalilin saye ba, robar Anty Landan ta fi mata.

Amaryar_Bana:
Na ga wasu suna shafa man jarirai ko man zaitun bayan sun wanke, wai ruwa ya riƙa zamewa.

Maman_Twins:
Amarya mai a wurin wanka? In ya gangaro ƙasa wa zai tare mai ciki ko tsoho? Ga hunturu na tafe, ƙura za ta manne ya koma kamar allo.

Abu_Maryam:
Akwai ruwan da ake shafa wa gilashin mota don ruwan sama ya zame, na gwada shi a ƙofarmu. Yana taimakawa na 'yan makonni, amma sai gilashin ya fita tas kafin a shafa, in ba haka ba ka rufe dattin ne a ƙarƙashi. A buɗe taga don yana da wari, kuma kada ya taɓa ƙasa.

Maman_Nusaiba:
'Yan uwa na dawo da rahoto. Jiya bayan yara sun tafi Islamiyya na yi yadda kuka ce. Khal da ruwan ɗumi, na jiƙa tsofaffin ɗankwalaye biyu na manna kamar yadda 'Yar Sakkwato ta koya, rabin awa ina ƙara fesawa kada ya bushe. Da na cire na sa soso sai na ji abin yana saki, ruwan da ke gangarowa fari kamar na wankin shinkafa. Na ɗauraye, na bi da kwaɓin soda, na sake ɗaurayewa na tsane. Daga sama har wajen gwiwa ya fita garau, har na kira Abban Nusaiba ya zo ya gani. Kwarin da ƙofar ke gudu a kai kuwa abin da na ciro da tsohon buroshin haƙori ba ya faɗuwa, ashe akwai 'yan ramuka da ruwa ke fita ta nan duk sun toshe.

Saura biyu. Ƙasan, kamar taƙi biyu daga tayil, har yanzu da hazo. Sannan farin danƙon da aka liƙe gefen gilashin da shi ya yi baƙi, na dirza ya ƙi.

Yar_Sakkwato:
Barka! Ƙasan shi ya fi shan ruwa, ɓawon ya fi kauri. Ki maimaita sau biyu ko uku, ranaku daban-daban. Nawa sai a na huɗu ya saki.

MaiAlminiyam_KD:
Hajiya ki shafa wurin da yatsa bayan ya bushe. In kin ji gurzi-gurzi, ko farce yana ɗan kamawa, ɓawo ne, ki ci gaba kamar yadda ta ce. In kuwa sumul yake amma hazon na nan kamar a cikin gilashin, to ruwan ya riga ya ci fuskarsa, kuma wannan khal ba ya mayar da shi. Sai dai a goge da inji da wata hoda ta musamman, ko a canza. Amma wata takwas ya yi kaɗan a ce ya kai haka, sai in tun masu gidan na baya ne ya fara.

Baƙin silikon kuwa, wato danƙon nan na gefen gilashin, fumfuna ce. Ki bari sai wata rana daban da babu sauran khal a wurin, ki jiƙa auduga da bilic ki jera a kai na wasu awanni, taga a buɗe, yara a nesa. In ta shige ciki ba ta fita, a yanke tsohon da wuƙa a sa sabo mai maganin fumfuna, a bar shi awa 24 ruwa bai taɓa ba. Ki riƙa barin ƙofar a ɗan buɗe bayan wanka iska ta shiga.

Malamin_Kimiyya:
Ni ina ganin ɓawo ne har yanzu, tunda ta ce garau yake ranar da suka shigo. Ki gwada sitirik asid a wannan wurin, ki ɗan ƙara masa ƙarfi.

Hajiya_Asokoro:
Ko ma mene ne ki ɗauki hotonsa yanzu ki ajiye, ki kuma sanar da mai gidan batun silikon ɗin kafin ki sa a yanke.

Maman_Nusaiba:
Na shafa, akwai ɗan gurzi ta gefen dama, hagun kuma sumul. Zan sake mannawa jibi in Allah ya kai mu in gani. Robar share ruwan na aika a sayo mini a kasuwa, mai faɗin taƙi ɗaya aka samu. Anty Landan, ita kanta robar a jiƙe kike rataye ta ko sai an goge bakinta?

Anty_Landan:
Ki goge bakin da tsumma ki rataye ta, kada ki ajiye ta a ƙasa bakin ya lanƙwashe. In ta fara barin layi a gilashi ta mutu ke nan, a sake wata.

Rukky_Mx:
Injiniya don Allah a ina ake kai ruwan a auna, kuma a wace irin kwalba zan ɗiba?